Ihun da Gwaggo Ta Haɗiye

A Lyon ta ƙasar Faransa, inda nake koyon tiyatar mata, akwai wani ƙarfe da muke duba mahaifa da shi, wanda har yau ake kira da sunan wani likitan Amirka na ƙarni na sha tara. Shi ya gano yadda ake ɗinke yoyon fitsari. A jikin bayi mata baƙaƙe ya koya: ya yanka, ya ɗinke, ɗinkin ya warware, ya sake yankawa, ba maganin kashe zafi. Ranar da malaminmu ya ba mu tarihinsa, sai ya ƙarasa da murmushi, wai matan nan akwai juriya. Juriya! Kamar an tambaye su. Raina ya ɓaci.

A makon ne aka yi wa Gwaggo aikin ƙarin mahaifa a wani asibiti a Paris. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta goye ni a Damagaram, yanzu tana sayar da atamfa a unguwar Château Rouge da ke Paris. Duk wanda na kira sai ya ce da sauƙi. Ni kuwa na san "da sauƙin" gidanmu, ko mutum na kan gargara shi za a ce. Asabar na hau jirgin ƙasa.

Na tarar da ɗakin cike da 'yan dubiya, har da mijin 'yarta zaune a gefen gado da ledar lemu. Gwaggo na kwance tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, gumi ya jiƙe ɗankwalinta, ta cusa bakin mayafi tsakanin haƙora. Macen da ta haifi 'ya'yanta ba a ji ko tarinta ba, ita ce za ta yi nishi a gaban suruki?

Na je wajen ma'aikaciyar jinya na tambayi abin da aka ba ta na zafi. Ƙwayar ciwon kai kawai. Aka farke cikin mutum, aka ba shi abin da ake ba mai mura.

"Ai ba ta koka ba," in ji ta da Faransanci. "Matanku akwai ƙarfi."

Murmushin malamin nan ne sak a fuskarta. Na ɗaga murya har aka leƙo daga wasu ɗakuna. Ta ce ba mara lafiyata ba ce, kuma sai mai ciwo ta faɗa da bakinta.

Na koma na sallami jama'a ba tare da sakin fuska ba, surukin ya fita yana waiwaye.

"Kin kunyata ni," Gwaggo ta ce a hankali. "Karatun naki ke nan? Korar baƙi?"

"Gwaggo, ciwo kike ji."

"To sai me? Uwata ta daure, kakata ta daure."

Haushinta ya kama ni fiye da na ma'aikaciyar jinyar, don da wannan dauriyar ake yi mana kirari a gida, da ita kuma ake hana mu magani a nan. Na zauna na ba ta labarin likitan Amirka da bayinsa, ban rage komai ba, har da yadda ake danne su a kan tebur. Da na gama, sai ta tambaye ni.

"Su sun yi ihu?"

"Mutum ne fa ake yankawa, Gwaggo. Ba mai saurare ne dai."

"Nan fa, in na yi, za a ji?"

"Za a ji. Shi suke jira."

"Leƙa ki gani, yaron nan ya tafi?"

Na leƙa, ya sauka. Ta zare mayafin daga bakinta, duk shatin haƙora. Sannan ta saki wata ƙara da ban taɓa sanin tana da ita ba, ni da na girma a bayanta. Kafin ta rufe baki ma'aikaciyar jinyar ta shigo a guje da allura.