Rumbun da na liƙe da hannuna

Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Unguwar Lalle, kuma a shekarun da nake magana ni mutum ne mai tsananin gudun a ce ya rasa. Gidanmu an san shi da hatsi tun zamanin kakanmu. Sai fari ya zo, damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa gero na cikin bunni, rumbuna ya ƙare ƙaf. Ban gaya ma kowa ba. Sai in tafi kasuwar Isa in auno 'yar tiya, in biyo ta bayan gari da ita don kada a gani.

Ana haka sai ƙanen matata, wanda ke fatauci tsakaninmu da Nijar kuma katangarmu ɗaya, ya ce in ajiye mashi wasu buhuna a rumbun, wai kayan koli ne, ɗakinsa ya cika. Wallahi raina ya ba ni wani abu, amma ban tambaya ba, don ajiya a wurinmu ba a kwance ta. Gaskiyar magana kuma, abin ya yi mani daɗi. Muka zuba buhunan, na kwaɓa laka na liƙe bakin rumbun kamar yadda ake yi in an cika shi da damma. Kowa ya wuce sai ya ce wane dai Allah ya rufa mashi asiri. Har yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar innarmu, ta taso tun daga Tsamaye da ƙafa tana neman ko kwano guda don marayunta. Na ce mata babu. Ta dubi rumbun nan a liƙe, ta dube ni, ta ɗauki ƙwaryarta ta koma ba ta ko sha ruwa ba.

Wata hantsi jami'an da ke kama masu ƙwaya suka iso da takardar izinin bincike. Gidan surukina suka shiga, shi kuwa yana can ƙetare. Ba su samu komai ba, sai ɗayansu ya hangi rumbuna ta kan katanga, suka zagayo suka fasa shi. Buhuna cike da ƙwayoyin maye, jama'a na tsaye suna kallo. Aka sa ni mota sai Sakkwato.

Lauyan da dangi suka samo mani ya duba takardar, ya ce sunan surukina da gidansa ne a ciki, ba nawa ba, don haka ba su da izinin taɓa rumbuna, kuma zai nemi kotu ta ƙi karɓar buhunan. Ya dai gargaɗe ni cewa alƙali na da ikon ya karɓa ko ya ƙi, ya ce in faɗi mai kayan tun da wuri. Ni kuwa rabin maganar na ji. Na ce a raina ai shi ke nan, za ni fita ba tare da na tona asirin ƙanen uwar ɗiyana ba. Na kulle bakina, har ina ba waɗanda ake tsare da mu ɗaki ɗaya labarin wautar jami'ai, ni ga mai wayo.

Ranar hukunci alƙali ya yi magana a natse. Ya ce lallai an wuce iyakar takarda, ya kuma yi ma jami'an faɗa a kai. Amma ya ce kuskuren bai kai ya rufe ido ga abin da aka samu ba, ganin yawan kayan da irin ɓarnar da suke yi ma mutane. Ya karɓi buhunan a matsayin shaida. Daga nan sai tambaya ta dawo kaina: rumbun wa, kuma wa ya liƙe shi? Maƙwabta sun gan ni da laka a hannu. Lokacin da na buɗe baki na ambaci surukina, ya daɗe da ɓacewa, maganata kuma ta yi kama da ta mai neman mafita. Na yi shekaru a gidan kaso, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba kowa na fi jin haushi ba sai kaina.

Shi ya sa nake roƙon masu karatu, kada wanda ya karɓi ajiyar da bai ga cikinta ba, ko ta ɗan'uwa ce. In an zo bincike, a nemi a karanta takardar a ji sunan wa ke ciki, haƙƙin mutum ne, amma kada a ɗauka kuskuren takarda zai wanke abin da aka tarar a gidanka. Kuma in ka rasa, ka ce ka rasa.

Abin da ban manta ba shi ne ranar da yayata ta zo duba ni a kaso. Na kasa ɗaga kai. Sai ta ce, "Auta, ni fa ranar da aka fasa rumbun nan hamdala na yi. Da gero aka tarar a ciki, da ban zo ba."