Gaisuwar da Kawu Bai Gani Ba

Ƴata ta biyu zabiya ce. Tun tana goye rana ke cin ta, da ta isa shiga lakwal, wato makaranta, kuwa sai abin ya zame mini damuwar kullum. A Tsibiri muke zaune lokacin, ina jan wata tsohuwar Fijo ina ɗibar fasinja zuwa Maraɗi, ranar kasuwa in zarce har gaban Jiratawa. Da safe nakan sauke yarinyar a makaranta a unguwar Zariya, in ɗauke ta da azahar. Dawowar azahar ɗin nan ce masifar. Hannunta na gefen taga yakan yi jajawur ya tashi bororo, idanunta kuma a runtse suke tun daga Maraɗi har ƙofar gida. Ba ta kuka, kuma rashin kukan ya fi ƙona mini rai.

Wani mai gyaran gilashi a bayan tasha ya ce akwai baƙar leda da ake kawowa daga Katsina, tana tare zafin rana. Na tsaya a kansa ya yi aikin. Ya wanke gilashi, ya fesa ruwan sabulu, ya shimfiɗa ledar, ya bi ta da guntun roba yana korar iska, sannan ya datse baki da reza. Duk tagogin gefe ya rufe. A sati guda hannun yarinya ya fara bushewa.

Abin da ban lissafa ba shi ne zamanin da muke ciki. Shekarun nan ne jam'iyyu suka fito, gari ya rabu, har majalisar shan shayi kowace da tutarta. Baƙin gilashi kuwa sai motar manyan ƴan siyasa da ta wasu alhazai. Sai ga Fijon da ake turawa kafin ta tashi ta shiga sahunsu.

Kawuna, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, manomin rani ne a Jiratawa. In ya taso daga gona yakan zauna a inuwar wani itacen bedi a bakin hanya. Ƙa'idarmu tun da na fara tuƙi ita ce, in da fasinja sai in rage gudu in ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini sandarsa. Bayan an sa leda na ci gaba da yi, har da russunar da kai. Sanda ba ta tashi ba. Sati na biyu ma haka. Na uku na tsaya na fito na durƙusa, ya amsa da ƙyar yana kallon wani wuri.

Daga baya na ji abin da ake faɗi: wai na shiga jam'iyyar da Kawu ba ya so, sun rufe mini mota, na daina ganin talakawa. Ni kuma mutum ne mai saurin hawa. Na ce in dai gaisuwa ce na yi ta sau uku, wanda ya ƙi amsawa shi ya sani. Matata ta ce in ɓamɓare ledar a zauna lafiya. Na dubi hannun yarinyar na ce ba zan iya ba. Amma gabar Kawu ta hana ni jin daɗin tuwo, don ban da shi ba ni da wani uba.

Ana nan aka shiga wani dogon yajin aiki, makarantu a rufe, mai ya yi wuya, motoci suka ragu a hanya. Aka yi rasuwa a dangi a Maraɗi, aka aiko in je in ɗauko Kawu. Na tafi da yarinyar tunda ba lakwal. Ya shiga gaba ya juya mini ƙeya.

Mun ɗan taɓa tafiya sai ga wani tsohon abokinsa a kan jaki. Kawu ya ɗaga hannu, mutumin ya wuce abinsa. Muka iske masu wanke albasa a bakin magudanar ruwa, ya sake ɗagawa, babu wanda ya kula. A na uku, limaminsu ne, Kawu ya ɗaga hannu biyu har yana miƙewa daga kujera. Liman ya kalli motar ya kau da kai.

Kawu ya ce, “Mi na yi ma mutanen ga yau?”

Na ce, “Abin da na yi maka, Kawu.”

Ya shafa gilashin da yatsa. Ni ma sai a lokacin na gane sarai, kunya ta kama ni. Wata guda ina fushi da tsoho a kan hannun da bai taɓa gani ba.

Daga kujerar baya muka ji muryar yarinyar. “Kaka, duk wannan koren gonarku ce?”

Ya waiwaya zai yi mata wasan jika, sai maganar ta tsaya masa. Ta manna goshi a taga, ido buɗe tar da tsakar rana, tana ƙirga kwamin tumatir. Sau nawa na bi da ita hanyar nan, ba ta taɓa ganin Jiratawa ba sai ranar.

Kawu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya gyara zama ya ce, “Ledar ga, kak ka kuskura ka taɓa ta. Amma kai tagarka ai tana sauka, hiddo hannu ba ya kashe mutum.”

Tun daga ranar hannuna na hagu a waje yake in na doso bedin nan, har ya fi na dama baƙi. Yarinyar kuwa ta daina barin kowa ya zauna mata a gefen taga.