Baba Rufe-Ƙofa Ya Ajiye Almakashi

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, Baba mai lambu ya riga ya shige rumfar gilashin da ke bayan kicin, inda yake rainon shuke-shuke. Zai tura yatsa cikin ƙasar kowace tukunya, ya juya ganye ya duba ko ƙwari sun maƙale a baya, sannan ya ɗage tagogin sama. Duk wanda ya leƙo da sallama, kafin a amsa masa sai ya ji, "Rufe ƙofa!" Haka sunan ya bi shi.

Babu wanda ya sha fama da shi kamar Uwar Kicin, mai dafa wa marasa lafiya abinci. Tukunya na tafasa, za ta rugo neman ɗaɗɗoya.

"Baba, damƙi ɗaya kawai."

"Bai isa yanka ba."

"To na'ana'ar fa?"

"Cire hannunki! Da almakashi ake yi. Gashin kanki tsigewa ake yi?"

Sau nawa ta rantse kasuwa za ta koma saye! Sai ta tuna na kasuwa kafin azahar ya yi yaushi, ta haɗiye rantsuwarta.

A gabanta aka yi abin da ya sa muke wannan rubutu. An kwantar da wata dattijuwa bayan tiyata, ta kafe ba za ta ci komai ba. Duk abin da Uwar Kicin ta dafa haka yake dawowa, 'yar matar na kuka a baranda, likita na maganar saka robar abinci ta hanci. Uwar Kicin ta je rumfa tana faɗa ita kaɗai. Baba ya miƙe. Ya sunkuci tukunyar na'ana'a sukutum, wadda ko taɓawa ba a yi, ya nufi ɗakin da takalmansa duk taɓo.

Nas ta tare shi. "Baba, ƙasa a ɗakin marasa lafiya?"

"'Yata, matsa."

Ya ajiye tukunyar a bakin gado, ya murza ganye a tafin tsohuwar. Ta kai hanci, ta shaƙa. Can ta ce irinta ce a gindin randar mahaifiyarta. Ta nemi shayi, da yamma ta ci abinci. Uwar Kicin ta juyo za ta yi godiya, ta tarar ya ɗauke tukunyarsa, wai sanyin ɗakin zai ƙona ta.

Makon jiya ya yi ritaya. Uwar Kicin ta haɗa masa ɗan biki, kowa ya zauna, har abinci ya huce babu Baba. Aka same shi durƙushe yana dashen lansir, wai rana za ta yi masa zafi.

Baba, ka ishe mu, wallahi ka ishe mu. Amma kai ne ka sa abincin asibiti ya yi ƙamshin gida. Kai ne mai hannun da ko sanda ya dasa sai ta yi toho, ba ka taɓa jiran a gode maka ba. To yau dole ka tsaya ka ji: mun gode, Allah ya saka da alheri.

Wanda duk aka damƙa wa ɗan aikin da ba a gani, ya riƙe shi kamar yadda wannan tsoho ya riƙe nasa. Sabon mai lambu kuwa, Allah ya ba shi haƙuri, don Baba ya ce zai riƙa leƙowa.