Ɗiyan Mutane Uku a Hannuna

Ranar Talata ce, cikin bazara. Na tashi da asuba na hura wuta, na ɗora shinkafa da waken da nake saidawa a bakin lakwal, makarantar garinmu. Mijina ya daɗe da rasuwa, ɗana guda yana Abijan wajen biɗar kuɗi. Garinmu, kudu da Madawa kusa da iyaka, shi kaɗai ke da kwaleji a yankin, shi ya sa mutanen ƙauyuka ke kawo ɗiyansu su zauna gidajenmu. Ni 'yan mata uku anka ba ni: Rakiya, Zainabu da Hamsatu. Duka suna ajin ƙarshe. Jarrabawar gama kwaleji na jiransu farkon damina.

Da safen nan gardama sunka yi a kan takalmi. Hamsatu ta saka na Rakiya, ta ce ai ƙafarsu ɗaya. Zainabu na cin ɗumame tana yi musu dariya. Ƙarfe takwas saura anka buga ƙarfen lakwal, sunka fita da gudu suna gyara hijabi.

Ƙarfe goma na aza tire a ka. Na sauke gindin dogon yaro daidai yara sun fito hutu. Ban gama zuba kwano na farko ba na ji ƙugi daga kudu. Na ɗauka babbar mota ce. Sai ƙugin ya rarrabu, ya zama na babura. Harbin farko daga wajen kasuwa ya fito. Na biyu kusa. Bayan nan ba a iya rarrabewa.

'Yan bindiga sunka shigo filin lakwal, uku-uku bisa babur, fuskoki naɗe da rawani.

"Kowa ya kwanta!"

Mushe Sani, malamin lissafi, ya tsaya tsakiyar fili yana ɗaga hannu.

"Ƙorama! Ku yi ƙorama!"

Ajujuwanmu na kara ne. Wuta ɗaya ta ishe su. Cikin hayaƙin na hangi Rakiya, na damƙe hannunta. Zainabu ta riƙe zanena. Hamsatu na bayanmu, ina jin ƙarar takalminta. Munka keta gonar hakimi, munka gangara ƙorama, busasshiya, yashi kawai.

A nan Hamsatu ta zauna. Ba ta yi kuwwa ba. Ta ce, "Inna, ƙafata ta ƙi." Na ɗaga hijabinta. Ba ƙafa ba ce. Harsashi ya shiga ta kwiɓi.

Na yage ɗankwalina na ɗaure wurin. Na goya ta da zane kamar jinjira, yarinya 'yar shekara goma sha shida. Munka bi yashi arewa. Wajen sha biyu munka ji kukan shanu da ihun masu kora, shanun garinmu ne ake wucewa da su. Munka lafe cikin geza har ƙarar ta yi nisa. Azahar ta yi, ba mu ji kiran salla daga ko'ina ba. Ba mu da ruwa. Yashin na ƙona tafin ƙafa. Rakiya na tallabe Hamsatu ta baya, ni ina jin numfashinta a wuyana, da zafi, gajere-gajere.

La'asar sakaliya na daina jin sa. Ban gaya wa yaran ba. Na ci gaba da tafiya har munka kai wata tunga. Matan wurin sunka wanke Hamsatu. Mazansu sunka haƙa rami bakin gona, kusa da wata aduwa. Ban tambayi sunan tungar ba. Hankalina ba ya jikina.

Kashegari amalanke ya kai mu Madawa. Wata ɗiyar ƙanwar uwata ta ba mu rumfa a bayan gidanta. Iyayen yaran ma an tarwatsa ƙauyukansu, ba wanda ya san inda wani yake. Na dubi biyun da sunka rage. Ban iya karatu ba, amma na san don me anka ba ni su.

Na je kwalejin unguwar. Anka ce ajujuwa sun cika. Na koma, anka ce ina takardunsu. Na ce sun ƙone. Na koma kuma. Na zauna ƙofar ofishin shugaban tun safe har ya fito cin abinci, na durƙusa, na ce masa, "Mushe, ɗaya ta mutu a bayana. Kada waɗannan su mutu a zaune." Ya ce in dawo da wani malaminsu da zai shaide su.

A tasha na ga Mushe Sani, hannunsa ɗaure da tsumma, yana neman yaransa ɗaya-ɗaya. Shi ya tsaya musu. Anka ba shi aji guda da marece, bayan 'yan gari sun tashi, ya tara duk waɗanda sunka gudo.

Ranar farko babur ya wuce bayan aji. Zainabu ta shige ƙarƙashin tebur, ta ƙi fitowa. Madawa kuwa babura ne ko'ina. Tun daga tungar nan ba ta magana sai da kaɗa kai. Ta kwana biyu ta ƙi komawa. Rana ta uku na ja hannunta da kaina, na shimfiɗa tabarma ƙofar ajin inda za ta gan ni. Haka na yi kullum. Da safe in yi surfe a gidajen mutane don mu ci, mu sai kaye na rubutu da biro. Da marece in zauna nan. In babur ya wuce ta juyo, in ɗaga mata hannu, ta mai da ido ga allo.

Sun yi jarrabawa. Rakiya ta ci. Zainabu ta faɗi, ta kwana uku ba ta ci abinci ba. Mushe Sani ya ce ta maimaita, ni ma na maimaita zaman ƙofa. Shekarar da ta biyo ta ci. Da bakinta ta gaya mini.

Uban Hamsatu, Malam Idi, sai da kaka ya gano mu. Ya riga ya ji labari. Bai tambaye ni komai ba, ya ce in kai shi kawai. Munka bi ƙorama da tambaya har munka samu tungar. Ruwan damina ya shafe tudun kabarin. Gero ya rufe wurin, ya fi mu tsawo. Aduwa ba ɗaya ba ce, huɗu ne a jere, kuma mazan da sunka haƙa sun tafi cin rani tun kafin girbi.

Malam Idi ya dube ni. Na nuna wannan, na nuna waccan, na sauke hannu. Ya cire takalmansa, ya tsaya bakin gonar, ya yi addu'a yana fuskantar ta duka. Sannan munka juyo, shi gaba, ni baya.