Luba Mai Daɓe da Ɗakunan Tungar Manu

A Bungudu aka haifi Luba, a gidan da matansa suka yi suna wajen daɓe. Tun tana ƙarama ta iya jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ta iya riƙe madaɓi ta bugi ƙasa har tsakar ɗaki ta yi sumul kamar bayan ƙwarya. Aure ya kai ta Tungar Manu, ɗan ƙauye mai gida goma sha huɗu a gefen hanyar Tsafe zuwa 'Yankuzo. Ta haifi uku, ba wanda ya kai yaye. A tungar nan babu ɗakin da ba hannunta ne ya daɓe shi ba.

Wajen shekara goma da zuwan Turawa, ruwan sama ya ɗauke lokacin da gero ke da ciki. Aka ci tafasa, aka ci dusa, aka tona gidajen tururuwa ana neman ƙwayar hatsi. Daga nan mutane suka fara tashi gida-gida, wasu Gusau, wasu kudu. Duk macen da za ta tafi sai ta leƙo ta ce, "Luba, ga ɗakina nan, ki riƙa dubawa kahin mu komo." Ita ba ta bi su ba, don ƙafafun mijinta Adamu sun kumbura. Ranar da ya cika babu namiji ko ɗaya a tungar, sai da ta taka har 'Yankuzo ta kira masu binne shi.

Damina biyu ta wuce, ba wanda ya dawo. Luba tana tsintar kalwa tana yin daddawa, tana noma bayan gida. Sauran lokacinta kuwa na ɗakunan mutane ne. Ta share, ta kankare gara, ta cire ciyawa, inda daɓe ya tsage ta yayyafa ruwan makuba ta sake bugawa. Masu wucewa da rana tsaka sai su ji bugun madaɓi yana fitowa daga ƙauyen da kowa ya san babu mutane, su ɗaga ƙafa suna salati. Fatake suka ƙirƙiro wata hanya ta bayan dutse.

Ita ma tana jin nata. Idan rana ta take, iska ta tsaya cak, sai ta ji sallama daga ƙofar gidan maƙwabciyarta Hafsatu, muryar mace, a gajiye. Ta je ta tarar da ƙadangare kawai a kan katanga. Daga baya ta riƙa amsawa daga inda take zaune, ta ci gaba da aikinta.

Wata ranar kasuwa ta kai daddawa Tsafe. Da aka fara watsewa ta lura da waɗanda ba su tashi ba, suna jira masu rumfuna su tafi su shimfiɗa tsummokaransu. Ta zauna kusa da wata mace mai tsage irin na kudu, ta tambaye ta gida. Matar ta ce sunanta Uwani, baiwa ce a wani gida, da yunwa ta yi tsanani ubangidanta ya ce ta 'yantu, ta nemi inda za ta. Ba ta san garin da aka kamo ta ba. Kusa da ita akwai Mas'udu, Bafulatanin da shanunsa suka ƙare, da wani makaho da gobara ta cinye bukkarsa.

"Ina da ɗakuna sun hi ashirin," in ji Luba. "Ba nawa ba ne, amma ba kowa ciki."

"Tungar Manu?" in ji Mas'udu, ya ja da baya. "Inna, an ce aljannu ka daɓe can."

"Ni ce," in ji ta.

Uwani kaɗai ta bi ta. Da suka isa ƙofar ɗakin Hafsatu, Luba ta tsaya, ta ɗaga murya kamar mai magana da wanda ke ciki. "Hafsatu, ga baƙuwa na kawo miki. Ba ta da inda za ta." Suka saurara. Ba abin da ya motsa. Sannan ta ce wa Uwani ta shiga. Haka ta yi wa kowane ɗaki, don kafin kaka Mas'udu ya zo da matarsa yana jan makahon da sanda, wasu ma suka biyo.

Magana ta kai kunnen mai garin 'Yankuzo. Ya zo da limaminsa, Malam Jibril, suka zauna gindin ɗorawa. Mai gari ya ce gidajen nan suna da magada, ba a raba kayan wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba.

"Ranka shi daɗe, ni aka ba amana," in ji Luba. "Ɗakin da ba a hura wuta ciki damina ɗaya ka kashe shi. Ni kaɗai ban iya jinka ashirin."

Malam Jibril ya ce a bar wa baƙin ɗakunan a matsayin aro. In mai ɗaki ya dawo, a tara gayya a gina wa wanda ke ciki nasa. Aka yi fatiha a kan haka. Da rani mutanen 'Yankuzo suka kawo shuci da igiya, aka yi wa ɗakunan sabon baibaya.

Mutum ɗaya ne ya taɓa dawowa. Wata rana bayan azahar Luba ta ɗago kai ta ga Ummaru, mijin Hafsatu, tsaye a ƙofar gidansa. Ya rame har rigarsa kamar an rataya ta a kan kara. Yana kallon tukunyar Uwani a kan murhu. Luba ta gaishe shi da hanya, ta tambaye shi labarin Hafsatu. Bai ɗauke ido daga tukunyar ba. Ta ce za a mayar masa da ɗakinsa, ya girgiza kai a hankali. Ta shiga ɗebo masa ruwa, da ta fito babu shi. Uwani na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta rantse ba ta ga kowa ba.

Duk da haka Luba ta sa aka tara gayya. Tunda ya ƙi tsohon, aka gina sabon ɗaki da sunansa, ta daɓe shi da kanta. Bayan wata biyu wani falke ya ce ai Ummaru da matarsa tun shekarar yunwa aka binne su a bayan Gusau. Ɗakin ya zama masaukin duk wanda hanya ta yar, ana ce masa ɗakin Ummaru.

Ta rayu har shekarar da aka fara zancen shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Gusau. Lokacin tungar ta kai gida talatin, kusan kowane da irin harshensa. Ta yi jinyar kwana huɗu. Uwani ce ta yi mata wanka, Mas'udu ya haƙa kabari, matarsa ta bayar da farin zanen da aka yi mata likkafani. An aika Bungudu a sanar da danginta, ɗan aiken ya dawo ya ce bai sami wanda ya tuna da ita ba.