Karfasar da Attahiru Ya Saka

Attahiru shi ne mai tsaron tafkin da ke bayan ƙauyensu, can wajen Tozai. Aikin gado ne. Shi ke hana kamun kifi da damina, shi ke ba da izini idan ruwa ya ja. Mutum ne marar magana, ko gaisuwa sai ka ciro ta daga bakinsa.

Jajayen kifin da suka cika tafkin yanzu kuwa, shi da hannunsa ya zuba su. Wani ɗan kasuwa ne ya kawo wa ɗiyarsa Nuriyya guda biyar daga Maraɗi, a kwalba, na ado. Ranar da 'yan bindiga suka tashi garin, ana ta kai ana ta ƙafa, sai bawan Allahn nan ya tsaya ya juye kwalbar a tafki don kada su mutu. Ka ji tausayi!

Shekara huɗu suka yi a Isa. Suka dawo ba Nuriyya, zazzaɓi ya ɗauke ta a can. Tafki kuma ya dame kamar kunu. Jajayen sun hayayyafa, sun tone laka, sun tuge bado, sun cinye ƙwan karfasa. Ka jefa birgi, wato komar jifa, ka jawo ja zalla, ga ƙaya ga ƙarni. Bai gaya wa kowa mafarin abin ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Bana matarsa Hajjo ta kwanta ciwo, ko fura ba ta wucewa.

"Malam, romon karfasa nike so," in ji ta. "Ko guda."

"Za ni duba."

Kwana shida yana jifa, yana watsar da ja a gaɓa, balbela na sha'aninsu. Ran na bakwai da hantsi sai ga ta, karfasa kamar tafin hannu. Ya buɗe bakinta, don a baki karfasa ke goyon ƙwanta. Cike yake fal.

Ya daɗe tsaye, ruwa iya ƙugu. Wallahi bai ji komai ba, ko daɗi ko baƙin ciki. Ya dai san tun dawowarsu bai ga wata mai ƙwai ba. Ya sake ta.

A gida ya tarar maƙwabciya ta ɗora ruwa a wuta, ta daka yaji. Hajjo ta dubi hannunsa.

"Ba a samu ba?"

"An samu. Goyo gare ta."

Hajjo ta juya fuska bango, ta ce wa maƙwabciyar:

"To, sauke tukunyar. Kada icen shi ƙone banza."