Famfon da Kwamiti Ya Amince da Shi

Ko zan manta komai na shekarun koyarwata, ban da ranar da na murɗa famfon gaggawa ya yi mini tari.

A lokacin ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata 'yar jami'a mai zaman kanta a Damagaram. Kafin ka buɗe kwalbar asid a gaban ɗalibai, dole kwamitin tsaro ya ba ka izini. Wata huɗu ina yawo da dosiye, wato fayil ɗin takarduna, daga wannan ofis zuwa wancan. An dawo mini da shi don na sa hannu da baƙin alƙalami, an sake dawo da shi don hatimin ya ɗan karkace. Mutane ne masu tsananin kula da rayukan jama'a, musamman ta fuskar tawada.

Ranar duba labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, 'yan kwamitin su uku suka zo, kowa da babbar riga. Suka tsaya gaban famfon da ake wanke ido in sinadari ya fantsamu, suka auna tsayinsa da igiyar awo, suka yi gardama kan launin allon da ke samansa. Babu wanda ya murɗa shi. Ni kuwa na san sati uku ke nan ko ɗigon ruwa bai zo unguwar ba, kamar yadda aka saba duk bazara. Na yi gum, don ina son hatimina.

"Mushe, komai ya yi," in ji shugabansu; mushe shi ne malam a bakin 'yan bokon Faransanci. "Sai dai bidon ɗin can, jarkar ruwan mai shara, a fitar da shi. Ba ya cikin tsari."

Bayan kwana tara muna aiki da rana tsaka, wuta ta ɗauke, zafi kamar gidan burodi. Wata ɗaliba 'yar garin Dogo, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ta ɗaga tabarau na kariya don ta share gumi, daidai lokacin da na kusa da ita ya kifar da kwalbar asid. Ihun da ta yi har yau yana kunnena.

Na ja ta zuwa famfon na murɗa. Ya yi tari sau biyu, ya hura mana iska, ya yi shiru. Tsayinsa dai daidai yake, allonsa kore shar.

Tsohuwar da ke mana shara ce ta shigo da gudu tana jan bidon ɗinta, wanda ashe a ƙarƙashin matakala ta ɓoye shi.

"Matsa, mushe! Buɗe idon, 'yata, buɗe ko da zafi!"

Ta yi ta kwarara mata ruwan goge ƙasa har ya ƙare, sannan muka wuce asibiti. Idon dama ya tsira. Na hagu kuwa, haske kawai take gani da shi.

Kwamiti ya zauna, ya bincika, ya gano cewa takardu duk sun cika. Aka taya juna murna.

Washegari mahaifinta ya iso daga Dogo, manomi, takalminsa duk ƙasa. Na shirya wa zagi, har ina fatan ya mare ni. Sai ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam, an ce kai ka ɗauke ta da gudu. Allah ya saka maka, ya raba 'ya'yanka da irin wannan."

Na ce amin. Kunya ta hana ni gaya masa gaskiya, kuma ban taɓa tsanar kaina kamar ranar ba.

Na daɗe ina yi wa kwamitin nan ba'a a majalisa, kuma sun cancanta. Amma su ba su san famfon a bushe yake ba, ni na sani. Abin da na koya shi ne, in ka san inda haɗari yake ka rufe baki don aikinka ya wuce, wani ne zai ɗauki sakamakon a jikinsa. Nawa shirun ya ci idon yarinyar mutane.